Allon da Zunaira Ta Dawo da Shi

Litinin, 2 ga Oktoba, bayan la'asar

Kwana huɗu ke nan da na ɗauko Zunaira daga Lahore. Shekararta ta uku a karatun injiniyan lantarki, kuma ba hutu aka yi ba. Ƙawarta Rimsha ce ta kira ni ranar Alhamis ina tsugune a ƙarƙashin inji, ta ce, "Kawu, ka zo ka tafi da ita." Ko hannu ban wanke ba na nufi tasha.

Tana ɗakinta. Tana yi wa mahaifiyarta magana kaɗan-kaɗan. Ni ba ta yi min. Na san dalili, amma ba yau zan rubuta shi ba.

Matata Shagufta ta gaya wa maƙwabta taifot ne. Ni ma haka na gaya wa abokina Liyakat. Shekara talatin da ɗaya ina gyaran allunan lantarki na injinan saƙa a Faisalabad, ban taɓa yi wa mai inji ƙarya kan abin da ya ƙone ba. Yau kafin azahar na yi ƙarya sau uku.

Laraba, 4 ga Oktoba, da safe

Ba ta fito ba.

Alhamis, 5 ga Oktoba, bayan magariba

Shagufta ta zazzage jakar Zunaira za ta yi wanki, ta miƙo min wani kwali. "Baban Zunaira, duba wannan. Tarkace irin naku ne."

Allo ne kore, bai fi tafin hannu ba. Maɓallai huɗu, ƙananan fitilu takwas, wurin nuna lamba, da wata baƙar IC, 'yar ƙwaƙwalwar lantarki, a tsakiya. FPGA ake kiranta. Na sha jin sunan, ban taɓa riƙewa ba. A sana'armu kowace IC da aikinta ake haifarta, mai ƙirga ƙirga za ta yi har ranar da ta ƙone. Ita wannan fanko take zuwa. Kai za ka rubuta a kwamfuta irin haɗin da kake so, ita kuma ta jona wayoyinta a cikinta. In ka yi kuskure ka goge ka sake. Na dubi yatsuna da dalma ta gama ƙonawa, na yi dariya ni kaɗai.

Har da littafinta na darasi. Shafin ƙarshe 19 ga Satumba, rubutun ya tsaya a tsakiyar layi.

Na aiki Shagufta ta tambayo ko zan iya taɓawa. Ta dawo ta ce, "Ta ce ko ka jefa shi a kwata, ita ba ruwanta." Amma ta dawo rungume da laftof ɗin Zunaira, da lambar buɗe shi a rubuce a gefen jarida.

Na shirya kayan a teburin cin abinci, daidai ƙofar ɗakinta. Nan ne akwai soket.

Asabar, 7 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Darasi na farko a littafinta: a sa fitila ɗaya ta riƙa ƙyaftawa. Layi tara ne kacal, da wani yare wai Verilog. Na kwafa da yatsa biyu. Kwamfuta ta mayar min da jan layi goma sha huɗu. Awa biyu ina nema, ashe waƙafi mai ɗigo ɗaya na manta.

Shagufta ta ajiye min shayi ta ce, "Fitila ɗaya tun azahar? Ta banɗaki wata biyu ke nan tana ƙyaftawa da kanta, ba wanda ya rubuta mata komai."

Na ce, "Wannan ilimi ne."

Ta ce, "Waccan ma ka je ka yi mata ilimin."

Mun yi dariya, sai muka tuna, muka dubi ƙofar.

Lahadi, 8 ga Oktoba, bayan azahar

Jan layi ya ƙare. Na tura haɗin cikin allo, fitila ta kama. Amma ba ta ƙyaftawa, tana nan a kunne, dishi-dishi. Na sa mita, rabin wuta ta nuna. Na faɗa da ƙarfi, "Wannan allon ya lalace ne kawai!" Na sake faɗa. Shagufta ta leƙo daga kicin ta ce ba kurame a gidan.

Ba ta fito ba.

Litinin, 9 ga Oktoba, bayan asuba

Na dawo daga masallaci na tarar da takarda a ƙarƙashin allon. Hannunta ne.

"Allon ƙalau yake. Agogonsa na bugawa sau miliyan hamsin a daƙiƙa, kai kuma ka ce fitila ta juya a kowane bugu. Tana ƙyaftawa, idonka ne ba ya gani. Sa mai ƙirga, sai ya kai miliyan ashirin da biyar sannan ta juya."

Babu gaisuwa, babu "Abbu" ɗin da ta saba kirana. Na karanta sau shida.

Gaskiya tun da mita ta nuna rabin wuta na fara zargin haka. Ban dai yi gaggawar gyarawa ba.

Kafin in tafi shago na sa mai ƙirgar. Ta kama, ta mutu, ta kama. Na bar ta a kunne na fita.

Laraba, 11 ga Oktoba, da rana

Takarda ta biyu: "Ƙafar IC ɗin da ka ba maɓalli ba ita ba ce. Duba shafi na 12." Na duba. Ta yi gaskiya, kuma wannan karon ba da gangan na yi ba.

Shagufta ta ce ta cinye gurasar paratha guda har da rabin ƙwai.

Juma'a, 13 ga Oktoba, bayan sallah

Wasiƙa ta zo daga jami'a. Kwamitin da ke duba ƙarar da ta shigar zai zauna ranar 6 ga Nuwamba. In ba ta je da kanta ba, za a rufe maganar. Sunan malamin da ta kai ƙara yana ciki, da duk muƙamansa, layi biyu cur. Sunanta rabin layi.

Na ba Shagufta ta kai mata. Ban kunna allo ba yau.

Lahadi, 15 ga Oktoba, bayan la'asar

Bhai Riyaz, yayan Shagufta, ya zo da matarsa da kwandon gwaiba. A teburin nan ya zauna, ya ture allon gefe da bayan hannu.

Ya ce, "Manzur, ka saurare ni, na girme ka. A janye takardar ƙarar nan. Mutumin yana da mutane. Ita mace ce, gobe wa zai tuna wane ne mai gaskiya? Sunanta kawai za a riƙa tunawa. Ta zauna a gida shekara guda, ƙura ta lafa."

Bai rage murya ba. Ƙofarta taku uku ce daga inda yake.

Ni kuma na ce, "Za mu duba, Bhai."

Abin da na ce ke nan. Na raka shi har bakin titi, har da riƙe masa ƙofar mota.

Litinin, 16 ga Oktoba, da safe

Babu takarda.

Talata, 17 ga Oktoba, da safe

Na bar kuskure a fili, irin wanda makaho zai gani. Babu takarda.

Laraba, 18 ga Oktoba, bayan magariba

Babu. Abincin rana ya dawo yadda aka kai shi.

Shagufta ta same ni ina zura wa laftof ido, ta ja kujera. Ta ce, "Baban Zunaira, har yaushe za ka yi ta magana da wannan abin? 'Yarka tana can, ba a cikin allo take ba."

Na ce ban san me zan ce mata ba.

Ta ce, "Ka sani. Ita ta gaya min abin da ka ce a mota."

To, bari in rubuta. A motar dawowa daga Lahore, bayan mun wuce Sheikhupura, ta gaya min abin da ya faru. Ba duka ba, iya abin da bakinta ya iya. Tana gamawa ta juyo tana dubana. Ni kuma abin da ya fara fitowa daga bakina shi ne, "Me ya kai ki ofishinsa ke kaɗai?"

Ta juya ta dubi taga. Tun daga nan ba ta sake yi min magana ba.

Aikin darasi ta kai masa ya sa hannu. Da rana tsaka. Ko da ma ba haka ba ne, ba laifinta ba ne.

Alhamis, 19 ga Oktoba, ƙarfe takwas na safe

Na tsaya a ƙofarta sanye da kayan aiki. Na ƙwanƙwasa, ban jira amsa ba don na san babu.

Na ce, "Puttar, 'yata, ni ne. Tambayar da na yi miki a mota, ba ke ya kamata a yi wa ba. Tsoro ne ya kama ni, sai na ɗora miki. Na yi kuskure. Ranar Lahadi ma na yi kuskure. In kina son zuwa ranar shida, ni zan kai ki, in zauna a bakin ƙofa har ki fito. In ba kya so, ba wanda zai tilasta miki, ko ni ko kawunki. Ki yafe min."

Na ji gado ya motsa, shi ke nan.

A shago na jona waya a baibai, na ƙona fis biyu. Na kira Bhai Riyaz na gaya masa ba za a janye komai ba sai in ita ta ce. Ya ce zan yi nadama. Na ce to.

Alhamis ɗin dai, bayan la'asar

Ina zaune ina fama da darasi na huɗu, na ji an ce, "Matsa, Abbu."

Ta rame. Gashinta a hargitse, da tsohuwar rigar sanyin mahaifiyarta. Na matsa. Ban dube ta sosai ba, kada ta koma.

Ta karanta abin da na rubuta ta ce, "Kana rubutawa kamar kana ba mutum saƙo, yi wannan, in ka gama ka yi wancan. Ba haka ba ne. Duk layukan nan lokaci ɗaya suke aiki."

Na ce, "Lokaci ɗaya?"

"Kowane layi waya ce. In ka jona wayoyi goma, ta ɗaya tana jiran ta biyu ta gama?"

Na buga tebur. "To ai da kin ce min wayoyi ne tun farko! Ni na zaci karatu ne!" Na jawo takarda na zana abin yadda na saba zana allon inji, akwati da layi. Minti goma na gyara rubutun da kaina.

Ta dubi zanen ta ce, "'Yan ajinmu sai da suka yi wata biyu kafin wannan ya shige su."

Na ce, "Su ba su taɓa shan wuta ba ne."

Ba ta yi dariya ba, amma gefen bakinta ya motsa. Maganar safe ba ta ɗago ta ba, ni ma ban ɗago ba. Shagufta tana kicin tana yanka albasar da ba a buƙata.

Asabar, 21 ga Oktoba, da yamma

Liyakat yana da injin naɗe zare a ƙaramar masaƙarsa, allon da ke ƙirga juyi ya mutu tun bazara. IC ɗin ciki an daina yin ta, na zagaye kasuwa ban samu ba. Ma'aikacinsa da ido yake tsayar da injin, wani ƙullin zaren ya yi ƙato, wani ya yi ƙarami. Na gaya wa Zunaira. Ta ce, "Ƙirga juyi, a tsayar da motar injin in ya kai adadi? Wannan ai darasi na shida ne." Na ce ni ina na huɗu. Ta ce to in yi sauri.

Litinin, 23 ga Oktoba, bayan magariba

Na danna maɓalli sau ɗaya, lamba ta nuna uku. Na sake, ta nuna bakwai. Na ce allon ya fara ƙarya irin ta 'yan kasuwa.

Ta ce ƙarfen cikin maɓalli rawa yake yi kafin ya zauna, allon kuma saboda saurinsa kowace rawa yana ƙirga ta. Sai an koya masa ya dakata, ya ga abu ya tsaya cik na ɗan lokaci kafin ya yarda. Ta bar ni na rubuta da kaina. Sau huɗu tana cewa, "A'a. Sake." Irin muryar da nake yi mata lokacin tana koyon keke.

Laraba, 25 ga Oktoba, da rana

Yau ba ta fito ba. Rimsha ta kira, sun daɗe, na ji kuka. Ban bar kuskure a tebur ba. Na tura mata gwaiba a yanke, da gishiri da barkono yadda take so.

Alhamis, 26 ga Oktoba, da safe

Farantin ya dawo ba komai.

Asabar, 28 ga Oktoba, bayan la'asar

A kwamfuta komai ya yi daidai. Ta nuna min yadda ake gwada haɗi tun kafin a tura shi allo, layuka suna hawa suna sauka, adadi na cika mota na tsayawa. Na ce gobe zan kai wurin Liyakat in jona.

Ta ce, "Kai kaɗai? Za ka ƙona min allo."

Na ce, "To ya za a yi?"

Ta ce, "Ƙarfe nawa?"

Lahadi, 29 ga Oktoba, bayan magariba

Wata ɗaya da kwana ɗaya, yau ta taka ƙofar gida. A bayan babur ta riƙe kwalin da hannu ɗaya, ɗayan ta riƙe kafaɗata.

Liyakat yana ganinmu ya taso da tumbinsa. "Ustad Manzur ya kawo injiniya ta gaskiya! Yau asirinka ya tonu, tsoho." Ya dafa kanta. "Beti, 'yata, taifot ɗin ya sake ki?"

Ta dube ni.

Na ce, "Ba taifot ba ne, Liyakat. Ƙarya na yi maka. Wani ne a makarantarsu ya yi abin da bai kamata ba, ta kai ƙararsa. Ranar shida za mu je."

Ban shirya cewa "za mu je" ba. Na dube ta da sauri. Ba ta musa ba.

Liyakat ya tsaya, bakinsa a buɗe. Yana da 'ya'ya mata uku. Ya cire hularsa ya mayar. Ya ce, "Da motata za ku." Na ce a'a, motar haya ta ishe mu. Ya ce, "To shayi dai ba za ka hana ni ba," ya fita da kansa, shi da bai taɓa ɗauko wa kowa shayi ba.

Muka jona. Injin na tashi, lamba ta haukace, juyi goma ta nuna ɗari biyu da wani abu. Zunaira ta buɗe laftof tana ta duba rubutu. "A gwaji daidai yake, Abbu. Wallahi daidai yake. Ban san me na yi ba."

Na ce, "Ba ki yi komai ba. Rubutunki lafiya lau. Rufe wannan, zo ki ga."

Na nuna mata wayar da ke kawo saƙon juyi, kwance jikin wayar motar injin. Babbar mota in ta tashi, duk wayar da ke kusa sai ta kwashi hayaniyarta. Wannan ba ya cikin littafinta, amma ni da shi na tsufa. Na sauya waya mai rigar ƙarfe, na raba musu hanya, na sa wata 'yar IC mai tura saƙo da haske don wutar inji kada ta taɓa allon. Ita ta riƙe min dalma. Ta tambayi dalilin kowane abu, na ba ta amsa, sau ɗaya har na ce, "A'a. Sake."

Muka tayar. Ɗari, ɗari biyar, dubu. Dubu ɗaya da ɗari biyu cif, inji ya tsaya da kansa. Muka sake sau biyar, ƙulli biyar kamar tagwaye. Liyakat ya jera su a tebur yana kiran ma'aikata su zo su gani. Ya ce, "Wata huɗu ubanki yana ce min IC ta ƙare a duniya!"

Ta ce, "Shi ya rubuta rabi, Chacha."

"Wane rabin? Wanda ya haukace?"

Ta yi dariya. Da sauti. Na sunkuya ina neman sukurun da bai faɗi ba.

Laraba, 1 ga Nuwamba, da yamma

Ta ce allonta na makaranta ne, za a nemo wa Liyakat ƙarami nasa, ni zan tura masa haɗin. Ta sa na yi a gabanta sau biyu ba tare da ta taimaka min ba.

Sauran yinin tana rubuta abin da za ta faɗa wa kwamiti. Ta tambaye ni ko ina son in karanta. Na ce in tana so. Ta ba ni. Shafi uku.

Na karanta. Ba zan rubuta komai a kai ba. Na hau soro na daɗe.

Asabar, 4 ga Nuwamba, da safe

Ta yi amai sau biyu. Ta ce ba za ta iya ba. Na ce to. Bayan awa ɗaya ta fito tana tambayar mahaifiyarta ina farin mayafinta.

Lahadi, 5 ga Nuwamba, bayan la'asar

Shagufta ta haɗa jaka ƙarama, ta kwana ɗaya. Zunaira ta zazzage, ta ɗauko babbar. Ba wanda ya yi tambaya.

Litinin, 6 ga Nuwamba, ƙarfe biyar da rabi, tashar Lahore

Mun isa ƙarfe tara. Rimsha tana jira a bakin ginin, amma ba ita kaɗai ba. Akwai wasu 'yan mata biyu, ɗaya ta gama karatu tun bara, daga Multan ta taso da asuba. Zunaira ba ta san za su zo ba. Kowacce da takardarta a hannu. Suka tsaya suna duban juna, sai ta Multan ɗin ta ce, "Ke ce Zunaira? Da na yi abin da kika yi tun bara, da bai kai kanki ba." Zunaira ta riƙe hannunta.

Na ga mutumin nan. Ya wuce ta gabana da jaka, gajere ne, yana tari. Na zauna a kan hannuwana har ya shige.

Awa biyu da minti ashirin ina kan benci. Ta fito idonta ja, amma kanta a ɗage. Hukunci sai nan da mako uku. Kafin nan an hana shi shiga aji da ɗakin gwaji. Ban san yadda za ta ƙare ba, kuma Bhai Riyaz bai yi ƙarya ba da ya ce mutumin yana da mutane.

Muka ci shinkafar biryani mu biyar a wata rumfa. Da muka gama na ɗauki jakarta na ce mu yi sauri kada mota ta cika. Ta karɓe jakar daga hannuna.

"Abbu, an ce in na zauna zan iya cim ma jarrabawa. Rimsha ta gyara min gado."

Na ce, "Kin tabbata, puttar?"

"A'a. Amma zan zauna." Ta gyara min wuyan riga. "Darasi na bakwai, na ɗauki hotonsa na tura wa Ammi a waya. Ranar Juma'a zan kira in ji. Kuma kada ka yi kuskure da gangan, ina ganewa."

Na ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Tun fitila."

Na tsaya har suka shige harabar jami'a, su huɗu, jakar tana bugun ƙafarta.

Yanzu a tasha, mai yankan tikiti ya ce, "Faisalabad, mutum nawa?" Na buɗe baki zan ce biyu. Na ce, "Ɗaya."

Ya ɗago ya dube ni ya ce, "To Baba, mene ne abin murmushi a ɗaya?"